Shekarar da Na Ƙi Rufe Bawul ɗin Kawu Bawa

Na san abin da ake gaya muku. Duk sallah in kun je gaisuwa gidan dangin uwarku, sai wani ya nuna ku ya ce ga 'ya'yan Isyaku Mai Wanka, a kwashe da dariya, ku ma ku taya ba tare da kun san tushen zancen ba. Wasu sun ce da gangan na sakar wa manyan gari ruwa a kai don an hana ni kujera. Wasu sun ce ban iya aikin ba ne, bututuna ya fashe. Duka biyun ba haka ba ne. Bututun da na haɗa bai taɓa fashewa ba, kuma ni ban buɗe komai ba ran nan. Ina da laifi a cikin maganar, amma ba wanda ake ɗora mini ba, kuma gara ku ji shi daga bakina tun ina iya riƙe biro.

Mahaifina ma'aikacin reluwe ne, aikinsa shayar da kan jirgi ruwa a tasha, don haka da sifana na yi wasan ƙuruciya. Da aka mai da Minna babban birnin jiha, gine-gine suka riƙa tsirowa ta ko'ina, duk wanda ya iya haɗa bututu ba yoyo ba ya zaman banza. A cikin wannan yanayin na auri uwarku Ladidi, na ajiye ta a gidanmu na Sauka Kahuta tare da mahaifiyata, Inna. Ladidi marainiya ce, a hannun kawunta Alhaji Bawa da matarsa Gwaggo Asabe ta tashi. Alhaji Bawa babban ɗan kasuwar yadi ne, mutum mai kyauta, mai son a gan shi, wanda bai saba a ce masa a'a ba. Shi ya ba ni aurenta, kuma bai taɓa bari na manta da hakan ba.

A tsakiyar shekarun tamanin ya soma ginin bene a hanyar Shango: ƙasa rumbunan yadi, sama babban ɗakin taro na haya. Ana cikin ginin ya tafi aikin hajji, kuma a masaukin da ya sauka a can ya kwanta rigingine ya ga wasu 'yan ƙarafa masu sheƙi sun leƙo daga silin. Ya tambaya, aka ce masa maganin gobara ne. Abin da ya fi jan hankalinsa shi ne bai taɓa ganin irinsu a ginin kowa a Minna ba. Ya dawo da tsarabar dabino da zamzam, da kuma wannan ƙuduri.

Abin da ya gani shi ne muke kira sifirinkila a wurin aiki. Bututu ne cike da ruwa a ɓoye a saman silin, da kawunan feshi da suka leƙo ƙasa. Bakin kowane kai a toshe yake da 'yar kwalba wadda ba ta kai ɗan yatsa ba, da jan ruwa a cikinta. In zafi ya yi yawa, kwalbar ta fashe, ruwa ya feso. Ni kaina a lokacin ban san wannan ba. Wanda ya koya mini shi ne Injiniya Yohanna, mutumin kudancin Kaduna, dogo siriri mai tabarau, wanda Alhaji ya ɗauko don ya zana aikin, ni kuma in haɗa. Hausarsa irin ta bariki ce, mace da namiji duk ɗaya suke a bakinsa. Kullum yana rungume da littafin ƙa'idar aikin, mai kaurin bulo, ya yi masa bango da takardar buhun siminti. Alhaji ya ɗauka ado ya saya. Bai san da littafi abin yake zuwa ba.

Ranar da muka fara auna silin, Alhaji ya shigo yana nuni da sandarsa.

"So nake a jera mini su su ba da siffar tauraro a tsakiya," in ji shi. "A saman inda zan riƙa zama kuma a fitar da harafin farko na sunana."

Yohanna ya gyara tabarau. "Alhaji, wuta bai san karatu ba."

Ya buɗe littafin ya shiga fassara masa. Tsakanin kai da kai kada ya wuce ƙafa goma sha biyar. Daga bango zuwa kai na farko, rabin haka. A bar fili kamu guda a ƙarƙashin kowane kai, kada a tara kaya har su kusance shi. Ba a rataya masa komai. Ba a shafa masa fenti. Tankin da aka ware masa na gobara ne kawai, ba na wanki ba, ba na alwala ba. Alhaji ya saurara har ƙarshe, sannan ya juyo wurina ya ce wai wannan littafin, an tambaye shi, shi mai ginin, kafin a rubuta? Na ce ban sani ba, Kawu. Ya ce to ai ga shi nan.

Duk da haka muka jera su yadda littafi ya ce, layi-layi kamar shukar gero. Wata Juma'a muka tafi masallaci, Yohanna kuma ya tafi cin abinci. Muka dawo muka tarar mai fenti a kan tsani, ya riga ya mai da kawuna goma sha biyu ruwan zinariya, har da kwalaben, saboda Alhaji ya ce su dace da labule. Yohanna bai yi faɗa ba. Zama ya yi a kan bulo ya cire tabarau ya rufe fuska da hannu biyu, har mai fentin ya sauko yana tambayarsa ko rasuwa aka yi. Fenti yana hana kwalbar jin zafi da wuri, kuma ba a yarda a kankare ba, sai dai a cire a sa sabo. Mako uku muka jira sababbi daga Legas. Da suka iso muka ɗaura, sai gwaji: a danna ruwa cikin bututun da ƙarfi, a rufe, a zuba wa allurar geji, ma'aunin ƙarfin ruwa, ido har awa biyu. Alhaji ya zo ya same mu, manya biyu da gemu, zaune muna kallon abu kamar agogo.

"Aiki na ɗauke ku, ko kallon agogon da ba ya tafiya?"

"Alhaji," in ji Yohanna, "in ya tafi ne mun shiga uku."

Allurar ba ta motsa ba ko kaɗan. A duk rayuwata ta aiki ban taɓa jin daɗi irin na wannan awa biyun ba.

Saura mako biyu a buɗe gini aka kira Yohanna wani aiki a Kaduna. Kafin ya tafi ya ja ni ƙarƙashin matakala, inda babban bawul yake, wato marufin da duk ruwan ke bi ta cikinsa. Ya buɗe shi har ƙarshe, ya zagaya masa sarƙa, ya datse da kwaɗo, yadda ba mai iya rufewa. Ya sa mini makullin a tafin hannu.

"Malam Isyaku, littafi ya ce a bude zai zauna kullum. In ka rufe, duk abin da muka yi ya zama kwalliya. Kar ka rufe. Ko matanka ne ya ce ka rufe."

Bayan tafiyarsa Alhaji ya sa magina suka ƙara wa dandamalin manyan baƙi tsawo da matakala uku, don na bayan ɗaki su riƙa ganinsa da kyau. Silin ɗin wurin ya dawo in dogon mutum ya miƙa hannu zai taɓa. Na yi magana, aka ce mini ni mai famfo ne, ba magini ba.

Ana jibi walimar buɗewa Alhaji ya aiko a kira ni. Wani abokinsa ya gaya masa cewa in hayaƙin turaren wuta ya tashi, duk kawunan za su buɗe lokaci ɗaya kamar ruwan Agusta. Na yi masa bayani cewa hayaƙi ba ya buɗe su, zafi ne, kuma wanda zafin ya taɓa shi kaɗai ke buɗewa. Na ce masa ranar taro ce ma aka fi bukatar ruwan, mutane cike a sama, yadi cike a ƙasa.

"Isyaku," ya ce, "wa ya sayi bututun?"

"Kai ne, Kawu."

"Wa ya sayi kwaɗon?"

"Kai ne."

"To ka je ka rufe. In baƙi sun watse ka buɗe abinka."

Na sunkuyar da kai na ce, "To, Kawu."

Da la'asar na koma gida na zayyana musu a tsakar gida. Inna tana tsince shinkafa a faifai, ba ta ko ɗago ba.

"Auta, mutum ya ba ka mata, ya ba ka aiki, ya ce ka murɗa ƙarfe ɗaya, sai ka tsaya kana ja masa ayar littafin Yohanna? Littafin ne zai zo sunan 'ya'yanka?"

Uwarku kuwa sai da ta gama juye tuwo tukuna. Sannan ta zo ta tsuguna kusa da ni.

"Malam, me ka ce masa?"

"Na ce to."

"Wane irin to? Na na ji, ko na zan yi?"

"Ni ma ban tantance ba."

"In wuta ta tashi a ƙasa wajen yadin, ta ina na sama za su fita?"

"Matakala ɗaya ce."

"Ni da Gwaggo da yaran nan a sama za mu zauna?"

"A sama."

Ta dubi Inna, ta dube ni. "To ka koma ka gaya masa ba za ka rufe ba. Da bakinka, yana ji."

Na ce zan je. Ga laifin nawa, ku rubuta shi da kyau: ban je ba. Washegari sau biyu ina zuwa har bakin layin gidansa. Na farko na tsaya na sha kunun zaƙi na juya. Na biyu na hango motarsa a ƙofar gida, sai na tuna wai ina da aiki a Bosso. Ni da ke hawa tanki mai tsawon bene uku ba igiya, na kasa shiga zauren surukina in furta kalma ɗaya.

Ranar walima da safe na je ƙarƙashin matakalar da makulli a hannu, kuma ba zan ɓoye muku ba, rufewa na je yi. Sai na tarar an girke janareta a bakin ƙofar rumbun yadi, da jarkokin fetur a jere kusa da shi. A bayan ginin mata sun hura murhu shida, tartsatsi na tashi. Na tsaya ina kallon kwaɗon har wani lebura ya tambaye ni ko makullin ne ya ƙi. Na ce a'a, ni ne. Na mai da shi aljihun wandon aiki, na koma gida, na yi wanka, na sa shaddar da uwarku ta goge mini. Wandon aikin na rataye shi a ƙusa da makullin a ciki.

Bayan azahar ɗaki ya cika. Maza a gaba, mata a baya da gefe, manya a kan dandamali cikin fararen manyan riguna da suka sha sitati har suna ƙara. Alhaji a tsakiya, babban baƙo a damansa, wani mai muƙami wanda ba zan ambaci sunansa ba saboda 'ya'yansa suna nan da rai. Ni an ajiye ni can bakin ƙofa. Aka kunna turaren wuta kasko huɗu, hayaƙi ya turnuƙe, ko ɗigo bai sauko ba. Alhaji ya hango ni ya ɗaga mini hannu, alamar na kyauta. Na ɗaga masa nawa.

A zamanin nan ɗaukar bidiyo sabon abu ne, kuma mai ɗaukar yana yawo da wata fitila mai zafin gaske a kan doguwar sanda, wadda in ta haska ka sai gumi ya karyo maka. Da aka zo jawabi, sai ya hau dandamali ya kafa sandar a bayan kujerar Alhaji, ya zuƙe ta sama har ƙarshe, fitilar ta tsaya daf da kan feshi, tazarar ba ta fi tafin hannu ba. Na miƙe. Na fara kutsawa cikin mutane ina ba da haƙuri, ina taka ƙafafu. A gindin dandamali wasu ƙarti biyu masu tsare manya suka tare ni.

"Malam, ina zuwa?"

"Fitilar nan za a sauke, yanzun nan."

"Kai ne mai bidiyon?"

"Ni ne mai famfo."

"To ba a kira mai famfo ba tukuna."

Babban baƙo ya miƙe ya karɓi lasifika. Ya yabi Alhaji, ya yabi ginin, ya ɗaga kai ya nuna silin ya ce irin wannan ci gaba ne jiha ke bukata. Sannan ya ɗaga hannu biyu ya ce Allah ya saukar da albarka a wannan wuri. Jama'a suka ce amin. Sai aka ji ƙas, kamar an taka gyaɗa.

Abin da ba a gaya wa mutane shi ne, ruwan da ya yi makonni a cikin bututun ƙarfe ba fari yake fitowa ba. Baƙi ne wuluk, da warin mai da tsatsa. Shi ya buɗe kamar lema a kan manyan nan goma sha ɗaya. Fitilar ta fashe, mai bidiyo ya dira ƙasa rungume da na'urarsa. Ƙararrawar da muka ɗaura a waje, wadda gudun ruwa ke kaɗawa, ta shiga ƙara ba tsayawa. Na bayan ɗaki, da ba su jiƙe ba, suka ɗauka cikin shirin ne, suka soma tafi. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Babban baƙo ya tsaya da hannuwansa a sama yadda suke, sitatin rigarsa na narkewa, ya kasa tuna yadda ake sauke su. Kai ɗaya tak ya buɗe a cikin duk ɗakin, kamar yadda littafi ya ce, kuma ko a wannan halin sai da na lura da haka na ji wani ɗan daɗi.

Na ruga ƙarƙashin matakala, na cusa hannu a aljihu, sai na taɓa goro. Na sake hawowa a guje, na tsaya gaban ɓangaren mata na ƙwala kira, "Ladidi!" Mata huɗu suka amsa. Ta biyar ba ta amsa ba, ta taso a natse, ta kwance bakin zaninta ta miƙo mini makullin.

"Na gan shi a wandonka," ta ce. "Na ce wanda ya manta da bakinsa zai manta da wannan ma."

Kafin in rufe bawul ruwan ya wanke dandamali ya gangaro matakala. Da na fito, Alhaji yana tsaye a bakin ƙofa, hularsa a hannu tana ɗiga, baƙin ruwa na bin gemunsa. Bai ɗaga murya ba.

"Ka ce mini to."

Daga ranar bai sake yi mini magana ba har shekara huɗu.

Dariyar da kuke ji yanzu, a lokacin ba mu yi ta ba. Kafin mako ya zagayo duk Minna ta san Isyaku Mai Wanka, kuma ba mai gini da zai kira shi. Sai da na koma Kagara ina gyaran famfon tuƙa-tuƙa a ƙauyuka, ina zuwa gida sau ɗaya a wata. Amma wadda ta fi biya ita ce uwarku. Kawunta ya ce kada ta sake taka gidansa, gidan da ta tashi a ciki. An aurar da ƙannenta biyu ba ta je ba. In tana son ganin Gwaggo Asabe sai dai su haɗu a kasuwa wajen masu daddawa, su yi kamar ciniki suke. Ba ta taɓa ce mini da na rufe ba. Abin da ta riƙa cewa shi ne da na je. Yohanna ya aiko mini da wasiƙa yana taya ni murna, wai aikin ya yi daidai da ƙa'ida ɗari bisa ɗari. Na karanta wa Inna, ta ce in ba ta takardar, ta kunna murhu da ita.

A shekara ta huɗu rumbun wani maƙwabcin Alhaji a kasuwa ya kama wuta da rana tsaka. Ba a rasa rai ba, amma kafin masu bokiti su taru komai ya zama toka, Alhaji yana tsaye yana kallo. Bayan kwana tara direbansa ya yi sallama a ƙofar gidanmu ya ce ana kirana, kuma an ce in zo da Ladidi. Tana shiga Gwaggo Asabe ta rungume ta suka shige ciki suna kuka, ni kuma aka kai ni sabon rumbun da Alhaji yake ginawa. Na same shi zaune a kujerarsa a tsakiyar ɗakin, yana kallon bango.

"Littafin nan yana nan?" ya ce, ko gaisuwata bai gama amsawa ba.

"Yana wurin Yohanna, Kawu, amma za a samo."

"Za ka sa mini a nan. Ko'ina. Sharaɗi ɗaya ne: ban da saman kujerata."

Bakina ya riga ya buɗe zai faɗi abin da ya saba. Na haɗiye shi.

"Kawu, ba zai yiwu ba. Littafin bai ware kujerar kowa ba."

Ya juyo ya dube ni, ya daɗe yana dubana, har na fara lissafin hanyar Kagara.

"Da haka ka ce mini wancan karon," ya ce, "da na zage ka kwana biyu an wuce wurin. Je ka ɗauko tef ɗinka na awo."

Na yi aikin layi-layi, Yohanna ya zo ya duba ya sa hannu. Ranar da muka buɗe bawul muka datse kwaɗo, Alhaji ya sa aka fitar da kujerarsa baranda. A nan ya ci gaba da ciniki har ya bar duniya, rana ta dake shi, feshin damina ya kore shi gefe, amma bai koma ciki ba. In baƙo ya tambaye shi me ya sa mai wannan katafaren wuri yake zaune a waje, sai ya nuna ƙofar da sandarsa.

"Shiga ka zauna in kana so. Surukina ne ya yi aikin, kuma yana aiki."